Rakiyar Malam Zubairu

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin Malam Zubairu direba ya san shiga gidansa ba wuya, fita ce aiki. Ba surutu ne da shi ba, mutum ne da sai ka yi magana uku kafin ya yi ɗaya. Rakiyarsa ce abin gudu. Kana cewa "to, ni zan koma," za ka ga ya riga ka zura takalmi. Ya bi ka har bakin get, daga get ya ce bari ya taka maka zuwa kwana, daga kwana kuma ya ce ai ba zai juya ba sai ya ga ka hau adaidaita sahu. Abokan aikinsa sukan ce in Zubairu ya raka ka, to ka shirya juyowa ka rako shi, don a nisan da ya yi shi ma ya zama baƙo. Shi dai murmushi yake yi, ya gyara zaman hularsa. A ganinsa, mutumin da ya bar baƙo ya fita shi kaɗai bai gama zama mutum ba.

A gida ya gaji abin. Mahaifinsa, Malam Zakari, manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Wata huɗu ya yi yana jinyar ciwon da ya zama ajalinsa, amma ko sau ɗaya ba a ji ya amsa "yaya jiki?" da wani abu ban da "da sauƙi, alhamdu lillahi" ba. Saura kwana biyu ya rasu wani mai dubiya ya zo daga Taura, tsohon ya dafa bango ya miƙe, ya taka masa har bakin zaure. Zubairu yana ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin, shi ya riƙe masa gwiwar hannu, ya ji yadda take karkarwa a cikin riga. Abu biyu ya ɗauka daga ranar ya ajiye a ransa. Namiji ba ya kai ƙarar jikinsa wurin mutane, baƙo kuma ba ya fita shi kaɗai.

Bayan rasuwar ya shigo Kano, ya fara karen mota a tashar 'Yankaba. Ya sha zagi, ya sha dundu, ya koyi tuƙi a motar wani ubangida mai zafin hannu, har ya kai ana ba shi bas ya yi Haɗeja ya dawo. Daga nan wani kamfani mai sayar da taki da injinan ban-ruwa ya ɗauke shi direba. Ofishin kamfanin da gidan baƙinsa duk a fili ɗaya suke a Nassarawa GRA, irin manyan filayen nan na da, waɗanda in ka tsaya a ƙarshensu ka ƙwala wa maigadi kira sai ka yi sau biyu. A can ƙurya aka ba shi ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ya ɗauko matarsa Hajara daga ƙauye. A nan suka haifi 'ya'yansu, a nan suka aurar da su, babbar, Rahma, tana Badawa a ɗakin mijinta. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa get bishiyar mangwaro biyar ce a jere, da tsakuwa shimfiɗe a ƙasa. Ya taka hanyar nan ya fi a ƙirga, yawanci yana bayan wani baƙo.

Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da sitiyarin kamfanin, bai taɓa goga wa kowa mota ba. Laifinsa ɗaya a hanya wata akuya ce da ya take a Gezawa, wadda har yau in an yi maganarta sai ya yi mata addu'a kamar 'yar uwarsa.

Ba hatsarin mota ne ya kwantar da shi ba. Injin ban-ruwa suka kai wa wasu manoman shinkafa a Kadawa, masu saukewa suka yi kaɗan, shi kuma ba ya iya tsayawa yana kallon mutane suna fama. Ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. Hannun wani ya zame, nauyin injin gaba ɗaya ya dawo kansa, ya ji bayansa ya yi ƙas. Da aka kewaye shi ana sannu, abin da ya ce kawai, "Ba komai, ku duba injin." A kwance a bayan a-kori-kurar da ya tuƙo aka mayar da shi Kano.

An yi masa aiki a asibitin ƙashi, kamfani ya ba shi hutun jinya na wata shida. Ciwon bayan ya lafa, amma ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ta ƙi dawowa. Yana ganin ta, yana iya jan ta, sai dai ba ya jin ta, kamar ƙafar wani aka ara masa. Da sandar asibiti yake zuwa banɗaki. Wannan kowa ya sani, kowa ya yi masa jaje.

Akwai wanda ba wanda ya sani. Tun bayan faɗuwar, fitsari ya daina yi masa sallama. Sai dai ya ji ɗumi. Likitar da ke duba shi yarinya ce tsarar Rahma, kullum kuma da ɗalibai biyar ko shida a bayanta riƙe da littattafai. In ta tambaye shi ko akwai wani abu kuma da ke damunsa, sai ya dubi fuskokin yaran nan ya ce babu. Ya daina zuwa jam'i, shi da ya yi shekaru a sahun farko, ya bar mutane suna zaton ƙafa ce ta hana shi. Bai iya ko tambayar liman yadda mai irin wannan lalura yake yi da alwalarsa ba.

Hajara ta sani, ba yadda za a yi ta kasa sani. Wata rana ya tarar an shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen katifarsa, an yayyanka wani tsohon zane an ninke shi a inda hannunsa zai kai. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Kafin gari ya gama wayewa ta wanke, ta shanya a lungun bayan ɗaki inda ko kaza ba ta bi. Haka suka yi wata da watanni, ɗaki ɗaya, sirri ɗaya, kowa yana yi kamar bai ga ɗan uwansa ba. Duk sanda ya motsa ya ji ƙarar ledar nan, kunya takan rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

A wata na huɗu Hajiya Khadija, mai kula da harkokin ma'aikata a kamfanin, ta tako har ɗakin. Mace ce mai faɗa da kirki a haɗe, wadda ya taɓa kai ta asibiti haihuwa da gudun da bai taɓa yi ba. Ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta yi masa bayani dalla-dalla. Kamfani ya daɗe yana biya wa ma'aikatansa inshora. In aka tabbatar mutum ya nakasa a bakin aiki har ba zai iya komawa ba, masu inshorar za su riƙa ba shi abin rayuwa duk wata, kamfani kuma ya bar masa ɗakinsa har lokacin ritaya. In ba a tabbatar ba, hutu na ƙarewa ko dai ya koma sitiyari, ko a sallame shi ya ba da mukullin ɗaki.

"Haƙƙinka ne, Malam Zubairu, ba roƙo ba ne," in ji ta. "Na cike fom, ga inda za ka sa hannu. Ranar Talata za su turo mutuminsu ya gan ka da idonsa."

Kalmar nakasa ba ta yi masa daɗi ba, amma ya sa hannu.

Ranar Litinin da yamma Hajara tana tankaɗen gari, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban Rahma, gobe dai ka yi kwanciyarka. Mutumin nan ciwo ya zo gani, ba kai ba."

Ya ce, "To."

Da gaske kuma ya yi niyya. Amma da hantsin Talata, da Lawan maigadi ya leƙo ya ce ga baƙo nan yana ajiye mota, wani abu da ya girmi niyyar ya tashi a jikinsa. Baƙo a gidansa, ya tarar da shi a miƙe kan katifa da singileti? Kafin Hajara ta fito daga kicin ya ja jiki ya zura babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya cusa sandar a bayan ƙofa, ya fesa turare har sau uku. Da sallamar baƙon ta iso, a tsaye ta same shi, kafaɗarsa jingine da bango yadda ba za a lura ba.

Saurayi ne, bai wuce talatin ba, da fayil a hammata. Ya ce sunansa Al-Amin. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, abin da ya ƙara wa Malam Zubairu jin cewa lallai wannan ɗan mutunci ne, ba a nuna masa tsiraici. Ya sa aka kawo ruwa da kunun aya, ya tambayi iyayen yaron da unguwarsu, har suka gano ya taɓa kai kaya layinsu a Tudun Murtala.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Al-Amin ya yi ɗan murmushi. Shi ma ɗan Kano ne, ya san wannan amsar. "Baba, wannan ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ta takarda nake tambaya. Abin da ka gaya mini shi zan rubuta."

"Ai ita ce dai, samari. Kullum sauƙi ake samu. Wanda ya ga yadda aka kawo ni, ya gan ni yau, ya san Allah ya yi mini rahama."

Yaron ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Kana iya tsayuwa? Ga shi kuwa ka gani. Kana sa kaya da kanka? Wa zai sa mini? Da ya zo wata tambayar ya ɗan rage murya, idonsa a kan takarda. "Fitsari da bayan gida fa, babu matsala?"

Labulen ɗaki ya motsa kaɗan. Hajara tana bayansa.

"Lafiya ƙalau," in ji Malam Zubairu, ya haɗa rai kamar an taɓa masa mutunci. Al-Amin ya yi saurin wucewa gaba.

"Kana ganin za ka iya komawa tuƙi?"

"In Allah ya yarda. Ƙafa ce, tana dawowa."

Da aka gama yaron ya rufe fayil ya ce zai koma. Ya juya ke nan ya ga dattijon ya riga shi zura takalmi.

"Haba Baba, ka zauna, ka huta."

"A gidana? Mu je dai."

Ya kama hannun baƙon kamar yadda ake kama na ɗan gida, suka hau tsakuwar. Shi kaɗai ya san abin da hannun nan yake ɗauke da shi. A mangwaron farko bayansa ya fara zuba masa wuta. A na biyu ya tsaya wai yana nuna wa yaron irin 'ya'yan da take yi, alhali numfashi yake nema. Na uku da na huɗu bai san yadda aka yi ya wuce su ba, yana dai jan ƙafar da ba ya ji, yana murmushi da haƙoran da ya datse. Ya kai get. Ya tsaya har yaron ya tada mota, ya ɗaga masa hannu, ya ce a gaida mutan gida. A cikin ransa har da ɗan alfahari.

Motar na shan kwana ya ji ɗumin nan yana bin cinyarsa, ya yi baya zai faɗi. Lawan ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa, ya rataya hannunsa a wuya ya ja shi zuwa ɗaki. Maigadin ya ga abin da ya gani a ƙasan babbar rigar, ya kau da kai yana faɗin, "Kai, zafin yau ba dama, mutum sai gumi sharkaf." Sati guda Malam Zubairu bai iya ko zama ba, bai kuma iya haɗa ido da Lawan ba.

Bayan sati uku Hajiya Khadija ta sake zuwa, da ambulan a hannu, fuskarta ba walwala. Ko zama ba ta yi ba ta fara fassara masa takardar. Masu inshora sun ƙi. Sun ce ya tarbi jami'insu a tsaye, ya yi tafiyar da ta kai mita tamanin ba tare da sanda ba, ya faɗa da bakinsa cewa yana samun sauƙi kuma zai koma aiki. Rahoton asibiti ma bai nuna wata matsala ba ban da raunin ƙafa, wanda mara lafiyar da kansa yake cewa yana warwarewa.

Ta sauke takardar ta zuba masa ido. "Mita tamanin. Malam Zubairu, rakiya ka yi masa?"

"Baƙo ne, Hajiya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Har get?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mutumin da aka turo ya ga ko kana iya tafiya, shi ka ɗauka ka yi wa tafiya? Wallahi da ba don girmanka ba da na ce wani abu." Ta numfasa. "Hutunka ƙarshen wata mai zuwa zai ƙare. Muna da kwana talatin mu nemi a sake dubawa. Amma sai ka koma wurin likita ka faɗi komai, su kuma su sake turo mutum ka faɗa masa komai. Komai fa na ce. In akwai abin da kake ɓoyewa, ɗakin nan da abincin bakinku kake ɓoyewa."

Bayan tafiyarta ya daɗe yana kallon silin. Kunya biyu ce ta haɗe masa. Ya zauna da furfurarsa ya shirga wa yaro tsaran ɗansa ƙarya, bayan ya ba shi kunun aya. Yanzu kuma in yana son gyara, sai ya kira yaron ya ce ƙarya na yi, sannan ya buɗe baki ya faɗi abin da ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Ya juya abin ta kowace fuska, ya ga akwai hanya ɗaya da ba sai ya faɗa wa kowa komai ba. Takarda ta ce zai iya tuƙi. To, ya yi tuƙin mana.

Ranar Lahadi da hantsi, ofis ba kowa, ya dogara sanda ya isa rumfar motoci da ke gefen ɗakinsa, ya ce Lawan ya miƙo masa mukullin a-kori-kura. Lawan bai so ba, amma wa zai hana Malam Zubairu mukullin motar da ya fi kowa sanin ta? Ya hau da ƙyar. Ƙamshin kujerar da sanyin sitiyarin suka sa ƙirjinsa ya buɗe, ya ji kamar watannin nan duk mafarki ne. Ya tada ta, ya sa giya, ta fara tafiya a hankali kan tsakuwa.

Ƙarar injin ce ta fito da Hajara. Ta taho da sauri da ludayi a hannu, ta tsaya a gindin mangwaron farko, daidai gabansa. Ya taka birki. Motar ta ci gaba da tafiya. Ya sake takawa da ƙarfi, sai ta yi gurnani ta zabura. Direban shekara ashirin da bakwai ya sunkuya yana neman ƙafarsa da ido, ya gan ta shimfiɗe a kan totur. Hannunsa ne ya cece su, ya fizgi birkin hannu, motar ta ja tsakuwa ta mutu. Tsakanin hancinta da zanen Hajara bai kai kamu biyu ba. Ludayin yana ƙasa.

Ba ta yi ihu ba. Ta jira Lawan ya sauko da shi ya kai shi ɗaki, ta sakaya ƙofa, ta zauna a bakin katifar, abin da ba ta saba yi da rana ba.

"Baban Rahma, wata biyar ina wanke abin nan."

Ya ji kamar an yaye masa riga a tsakiyar kasuwa. "Hajara..."

"Bari in gama, yau ɗaya dai. Ban taɓa jin ƙyama ba, Allah ne shaida. Na wanke na 'ya'yanka biyar, na wanke na mahaifiyarka da ta tsufa, naka ne zai gagare ni? Na yi shiru ne don na ga shirun kake so. Amma yau ka kusa take ni da mota don kada yaro ɗaya ya ji. In da a titi ne fa? In da 'ya'yan mutane ne a gabanka? Ciwo Allah ne ya ɗora maka, ba sata ka yi ba. Ni kuma ba ni da inda zan kai ka in aka karɓi ɗakin nan."

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ta bar shi ya yi abin da zai yi a cikinta, ta tashi ta koma kan tukunyarta.

Da ita aka je asibiti. Ita ta roƙi likitar ta fitar da ɗaliban, sannan ita ma ta fita. Ya faɗa yana kallon tayil ɗin ƙasa. Likitar ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, ta ce jijiyar da ta kashe ƙafar ita ce ta jawo wannan, da ya faɗa tun farko da an daɗe da fara ba shi magani. Ta yi gwaje-gwajenta ta rubuta sabon rahoto. Wannan ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya zata, don ɗakin likita ba gidansa ba ne, a can shi ne baƙo.

Ranar da masu inshora suka sa, ya kwanta a katifarsa da tsohuwar jallabiya, sanda a jingine inda kowa zai gani. Babbar rigarsa kuwa, Hajara ta kai ta gidan Rahma tun jiya, wai wanki. Ya yi ta addu'ar a turo wani daban. Da sallamar ta zo ya gane muryar Al-Amin ce. Hannuwansa da kansu suka dafa katifa za su ɗaga shi. Hajara ta yi gyaran murya a bayan labule, ya koma ya kwanta, ledar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya tabbata yaron ya ji.

Al-Amin ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a tabarma.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sau..." Ya tsaya. Ji yake in ya faɗi ɗaya amsar ya yi wa Ubangiji butulci, ya kuma tozarta tsohon da ya dafa bango a zauren ƙauyensu. "Alhamdu lillahi a kan kowane hali. Amma babu sauƙi, ɗana. Wancan zuwan naka ƙarya na yi maka."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, na ji nauyinka a hannuna ranar. Na je gida abin yana damuna. Amma abin da ka faɗa da abin da idona ya gani, su aka ce in rubuta."

"Ba laifinka ba ne. Yi tambayarka."

Suka bi tambayoyin nan dai na farko. Tsayuwa? Minti biyu, in da abin dafawa. Sa kaya? Riga da kaina, wando sai an taimaka. Tuƙi? Ya ba shi labarin ranar Lahadi bai rage komai ba, har da ludayin. Sai aka zo wurin. Al-Amin ya rage murya kamar wancan karon. Malam Zubairu ya juya fuskarsa ga bango, inda fenti ya ɗan ɓare, ya yi wa bangon magana. Ya faɗi tun yaushe. Ya faɗi sau nawa a yini, don takardar sai da ta nemi adadi. Ya faɗi ledar, da tsumman zanen, da dalilin da ya sa sahun farko ya daina ganin sa. Ya faɗi abin da ya faru a bakin get bayan motar ta sha kwana. Babu abin da ake ji a ɗakin sai muryarsa da tafiyar biro. Zufa ta jiƙa masa wuya, kunnuwansa suka yi zafi kamar an mare shi. Da ya gama bai ji wani sauƙi a ransa ba, ji ya yi kawai an gama ganin sa.

Al-Amin ya rufe fayil a hankali. "Allah ya ba da lafiya, Baba. Ni zan koma."

Takalman Malam Zubairu suna nan a bakin ƙofa, a jere, inda suke kullum. Ya dube su. Ya san in ya cije zai iya kaiwa mangwaro na biyu, wataƙila ma har get, ai ya taɓa yi. Ya san kuma abin da za a rubuta.

"Ɗana, akwai sauran wuri a takardar?"

"Akwai, Baba."

"To buɗe ka ƙara. Ka rubuta baƙo ya zo gidana, na kasa raka shi."

Yaron ya buɗe fayil ya rubuta. Ya yi sallama ya fita. Malam Zubairu ya kasa kunne yana jin takun mutum ɗaya a kan tsakuwa. Ya bi shi da zuciya, mangwaron farko, na biyu, na uku, har ya ji Lawan ya ja get ya mayar.

Saura kwana shida hutun ya ƙare amsa ta zo. Sun amince. Hajiya Khadija ta shigo da murnarta tana ta hamdala, Rahma ta zo daga Badawa da kwanon waina, Lawan ya ce shi dama ya san gaskiya za ta yi halinta. Malam Zubairu ya gode wa kowa, ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ba Hajara ta adana. Ɗakin ya zauna a hannunsu. Maganin likita ya rage masa wancan abin, har ya tambayi liman, ya koma zuwa Juma'a a kujerar baya ta motar wani maƙwabci.

Masu dubiya suna zuwa har yanzu, tsofaffin direbobi da mutanen Ringim. In sun miƙe za su tafi yakan ce a gaida gida daga inda yake zaune, muryarsa ƙasa-ƙasa. Takalman nan kuwa Hajara ta ɗauke su daga bakin ƙofa ta tura ƙarƙashin akwati, don ta lura duk baƙon da ya ce zai koma, su yake kallo.